Shekara Goman da Baba Bai Ji Ba

A gidanmu ba a jin waƙa ɗaya a tsallake ɗaya. Albam ake sakawa a ji shi daga farko har ƙarshe, ba magana, ba tashi shan ruwa, in tari ya kama ka ma sai dai ka haɗiye abinka. Baba ne ya kafa wannan doka tun kafin a haife ni, ni ce kuwa auta. Mai gyaran rediyo da lasifika ne, shagonsa a gaban gida yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da falonmu. Idan albam ya ƙare sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya yanke hukunci: ko dai ya ce zai daɗe, ko ya ce ba zai kai baɗi ba. Babu ɗaukaka ƙara. Abin haushin kuma, mutumin ba ya kuskure. Duk wanda ya ce zai daɗe, har yau in ka shiga motar haya sai ka ji shi.

Ina aji biyu a sakandare wani zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi ba kunne. Duka biyun suka toshe. Mu muka yi ta kuka, shi kuwa da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya buɗe shago ya ci gaba da aikinsa. Tafin hannu ya mayar kunne: ya ɗora shi a kan lasifika, ya rufe ido, ya gaya maka inda ta yage. Magana kuma a leɓe yake karanta ta, musamman in gulmarsa ake yi. Amma hukunci ya daina. Ya ce hannu na gyara ne, ba ya alƙalanci. Shekara goma cur mawaƙa suka yi ta fitar da abin da suka ga dama, ba wanda ya ce musu kanzil.

A cikin waɗanda suka fitar har da ni. Eh, ni ɗin nan, malamar lissafi a firamare, wadda in ina magana a waya ake ce min in miƙa wa mamata, ina da albam. In na buɗe baki da waƙa wata murya ce dabam take fitowa, mai kauri, har Umma kan ce ba ta san inda na aro ta ba. Wani mai situdiyo da ake kira Gemu ne ya ji ni ina koya wa yara waƙar taron makaranta, ya nace har sai da muka ɗauka. Albam ya fita, aka ɗan saka shi a rediyo, aka ɗan yaba, aka wuce. Baba ya sa murfin a firam ya rataye saman teburin aikinsa, duk wanda ya kawo gyara sai ya sha bayani cewa ba a taɓa yin irinsa ba tunda aka fara waƙa. Ya haddace shi da hannu, yana taɓa lasifika zai ce maka wannan waƙa ta huɗu ce. Amma ni na san uba ne ke wannan cika-bakin. Alƙalin bai yi magana ba tukuna.

Tun daga lokacin Gemu yake bina mu yi na biyu, ni kuma ina ta yi masa kwana-kwana. Yau jarrabawar yara, gobe mura. Gaskiyar ita ce ban san ko ni mawaƙiya ba ce ko malamar lissafi ce da ta yi sa'a sau ɗaya, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai faɗa min in yarda.

Sai ga Anti, babbar yayarmu da take aikin jinya, ta shigo da labarin wani aiki da ake yi, a dasa wa mutum na'ura a bayan kunne ya dawo yana ji. Aka yi ta zirga-zirgar asibiti, aka auna, aka sake aunawa, aka yi aikin. Ranar da za a kunna na'urar duk muka cika ɗan ofishin likita, har da Yaya, wanda ke bin Anti, mai sayar da tayoyi, da ya rufe shagonsa ya zo da sabuwar riga kamar shi za a kunna. Likita ta danna wani abu a kwamfuta, ta ce Umma ta yi magana. Umma da ta shirya jawabi tun daga gida, sai kawai ta tambaye shi ko ya sha maganinsa. Baba ya zaro ido, ya ce ya ji, wallahi ya ji, amma wa ya saka masa mata a cikin gwangwani? Umma na kuka tana dariya, ta ce shi ke nan, shekara goma tana zaginsa a bayan ƙeya cikin kwanciyar hankali, yanzu an tona mata asiri.

Likita ta ja mana kunne cewa magana ce za ta fara daidaita, kiɗa sai an yi haƙuri, kada mu kuskura mu saka masa yanzu. Muka ce to da ladabi. Ko titi ba mu hau ba Yaya ya kunna rediyon mota. Baba ya dafe kai ya tambaya wane mara mutunci ne ke jefo tukwane daga saman bene. Aka kashe.

Watannin da suka biyo baya gidanmu ya zama gidan dariya. Baba ya gano firiji yana gurnani, ya buɗe bayansa yana neman laifi. Ya gano Yaya yana tauna da ƙara, ya ce ashe kurumta rahama ce. Ya bi ƙarar wani famfo har banɗakin maƙwabta. Da rana kuma in ciniki ya lafa, sai ya saka tsofaffin albam ɗin da ya sani tun yana saurayi, ya zauna yana koya wa sabon kunnen abin da tsohon ya sani. Da farko ya ce gita da ƙarar babur duk ɗaya ne. Sannu a hankali ya fara raba su. Wata rana muka ji shi yana faɗa da wani mai ganga da ya mutu tuni, wai ya shigo da wuri, sai muka san mutumin ya dawo.

Ranar da ya tara mu a shago ya ce a biya shi shekara gomansa, a ranar ne Gemu ya bugo ya ce ya gaji, in ban ba shi amsa kafin wata ya mutu ba zai ba wasu lokacina ya cire ni daga ransa. Baba ya ce kowannenmu ya kawo albam ɗaya, wanda ya fi so a duk shekarun da ba ya ji, wanda zai iya rantsuwa jikokinmu za su saurara. Wanda na rera kuwa, wato na Auta, ya ce a ajiye shi gefe, sai kunne ya nuna sosai za a yi masa ranarsa ta musamman, da shayi da biskit.

Yaya ne ya kawo shawarar shaiɗancin. Ya ja mu bayan gida ni da Anti, ya ce in aka bari Baba ya san nawa ne, ko kukan akuya ne a ciki zai ce zai daɗe. A saka shi a cikin ukun, a madadin zaɓina, ba tare da ya sani ba, a ji gaskiya. Anti ta ce wannan mugunta ce. Ni kuwa, da ɗan banzan girman kan da na gada, na ce a saka mana, tsoron me zan ji? Ina faɗa na so in haɗiye maganar. A raina na yanke cewa abin da Baba ya faɗa shi zan faɗa wa Gemu: in ya ce zai daɗe, na koma situdiyo, in ya ce ba zai kai baɗi ba, na koma kan allo da alli har ritaya.

Matsalar ita ce hannun nan nasa. Ko ta ƙafa kiɗan ya shiga jikinsa zai gane nawa. Saboda haka ranar Asabar da hantsi muka rataye lasifika da igiya daga rufin shago don kada ta taɓa teburi, muka shimfiɗa katifa, muka ɗora kujerar roba a kai, muka zaunar da Baba, muka sa masa filo biyu a ƙarƙashin ƙafa. Umma, da muka shigar da ita cikin makircin ta ce ita dai ba ta ji ba ta gani ba amma tana ciki, ta kawo safar hannun da take sauke tukunya da ita, mai hoton agwagwa, ta zura masa. Da ya tambayi dalili Anti ta gyara murya irin ta asibiti ta ce ƙa'ida ce, dole kunne ya koyi aiki shi kaɗai. Ya yarda. Ya zauna can sama da agwagi a hannu, ya sha mur, ya ce a fara.

Na Yaya aka fara sakawa, na wani saurayi mai jar hula da ya gigita gari a 'yan shekarun baya, ganga a kan ganga, ƙaho a kan ƙaho. Doka ta hana magana amma ba ta hana rawa ba, don haka Yaya ya koma bayan kujerar Baba ya dinga tiƙar rawa ba sauti, tumbi na gaba yana binsa. Anti ta cusa gyale a baki. Ni hawayen dariya har wuya. Wani mai kawo gyara ya leƙo da rediyo a hammata, ya ga dattijo a kan katifa da safar girki, ƙato na rawa a bayansa, lasifika na lilo a sama, sai ya juya a hankali ya tafi, har yau bai dawo ba.

Da ya ƙare Baba ya so cire tabarau, safar ta hana, Umma ta cire masa ta goge ta mayar. Ya ce yaron yana da jini a jika kuma mai ƙahonsa ya san aiki, amma duk waƙoƙin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ka ji ta farko ka ji sauran. Ba zai kai baɗi ba. Yaya ya ce ai ya riga ya kai baɗi har ya wuce. Baba ya ce to shi a wurinsa bai kai ba. Yaya ya zauna a kan wata tsohuwar talabijin yana huci, yana cewa na'urar ce ba a saita daidai ba.

Na Anti na wasu 'yan'uwa biyu ne masu gita da wani tsoho mai sarewa, waƙoƙi masu sanyi a kan mahaifiyarsu da gidan da suka taso. Anti ta ce shi ya riƙe ta lokacin da take karatun jinya tana shirin gudowa gida. Tun a waƙa ta biyu Baba ya rufe ido. Wajen tsakiya na ga agwagwa ɗaya tana bin kiɗa a kan gwiwarsa. Da aka gama ya ce waɗannan sun san inda ake yin shiru, wannan zai daɗe, jikokinmu za su ji shi su ce a zamanin da ne ake waƙa. Anti ta miƙe ta zagaya katifa tana tafiyar sojoji, ta tsaya gaban Yaya ta sara masa. Na taya ta murna da baki, amma hankalina yana kan na gaba.

Sai nawa. Yaya ya danna, ya ƙi kallona. Piyano ya shigo, muryar nan mai kauri ta biyo, ni kuma na nemi wuri bayan wani tarin rediyoyi na maƙale ina leƙen fuskar Baba ta tsakanin eriya. Ban taɓa sanin albam ɗina yana da tsawo haka ba. Kowane kuskure da na san yana ciki ya fito ya gaishe ni. Baba bai motsa ba. A waƙa ta uku, wadda na rubuta a kan mutumin da ke magana da hannu, ya ɗan karkato da kai, girarsa ta ɗaga. Can sai girar ta sauka, ba ta sake tashi ba har aka gama.

Umma ta goge tabarau. Baba ya gyara zama.

"Yarinyar nan tana da murya," ya ce. "Irin wadda ba a samu kullum. Amma tsoron wani take yi. Duk inda ya kamata ta saki sai ta kama kanta, kamar mai waƙa a ɗaki tana gudun kada a ji ta a falo. A ta uku ta kusa, saura ƙiris, sai ta ja da baya. Ta ukun za ta daɗe. Albam ɗin ba zai kai baɗi ba."

Shago ya yi tsit. Anti ta ɗaga kai tana nazarin rufi. Yaya, da shi ya haɗa abin, ya sunkuya yana gyara filon da ba abin da ya same shi. Ni kuwa na ji zafi, zafi sosai, har cikin ƙashi, don na san ko kalma ɗaya bai yi ƙarya ba. Na fara lissafa yadda zan gaya wa Gemu ya ba wasu lokacin, ba tare da na yi kuka a waya ba.

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaya wa ya mutu. Umma ba ta da haƙurin irin wannan. Ta fizge safar daga hannunsa na dama, ta jawo lasifikar da igiyarta, ta manna masa a tafi, ta ce Yaya ya mayar farko. Piyano bai gama shigowa ba na ga fuskarsa ta canza. Ya kalli firam ɗin da ke saman teburi, ya kalli tarin rediyoyin da nake ɓoye a baya, ya ce in fito.

Na fito ina jan ƙafa. A nan na gane abin da na fi tsoro: kada ya janye. Kada ya ce na'ura ce, ko gajiya ce, ko wasa yake yi. In ya janye saboda ni, to ba ni da alƙali kuma har abada, sai uba mai firam.

"Na faɗa, kuma ban janye ba," ya ce. "Auta, wa kike tsoro?"

Na so in ce ba kowa. Bakina ya ce, "Kai, Baba."

Ya kalle ni. Sai kafaɗarsa ta fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda kujerar roba a kan katifa ba za ta iya ɗauka ba, har sai da Yaya ya riƙe ta.

"Ni? Ni da ko tsawa ba na ji a lokacin? Kika shiga situdiyo kika rage murya don kada kurma ya ji?"

Anti ce ta fara fashewa, Umma ta bi, Yaya ya saki kujerar ya zame ƙasa. Ni ma na tsinci kaina ina dariya da majina da hawaye, don in ka faɗe shi haka a fili, babu wauta a duniya da ta kai wannan. Na ce masa ai ko ba ya ji, yana zaune a cikin kaina da tabarau a hannu duk lokacin da na tsaya gaban makirfo. Ya ce to wancan na cikin kan nawa ɗan haya ne, in ba shi notis, ga na gaske a zaune.

Ya cire ɗaya safar da haƙori ya jefa wa Umma, ya ce a kashe lasifika. Ya ce in tsaya nan tsakiyar shago in rera masa ta ukun da bakina, yadda na so in yi ta tun farko, in na iya, gobe da shi za a je wurin mai gemun nan, ya zauna a kusurwa ya ga wanda zai sake rage murya. Na ce ƙofar shago a buɗe take, mutane na wucewa. Ya ce Yaya ya ƙara buɗe ta.

Na fara a hankali. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce, na ji ƙafata ta kama ƙasa. Mai shagon ɗinki na kusa ya tsayar da kekensa. Wasu mata biyu da ke wucewa da kaya a ka suka tsaya a bakin ƙofa. Na iso wurin nan, wurin da na ja da baya a situdiyo, na ga Baba ya karkato da kai, girar ta ɗaga tana jira. Na rufe ido na saki. Duk abin da na riƙe tun ina aji biyu ya fito a lokaci ɗaya, har na ji gilashin kabad ɗin kayan gyara yana amsawa.

Da na buɗe ido sai na ga ya kai hannu bayan kunne, wurin na'urar. Na ɗauka cire ta zai yi, muryata ta fara sauka. Ashe ƙarar yake ragewa, ta yi masa yawa. Hawaye na bin gefen hancinsa, bakinsa har kunne, ya ɗaga ɗaya hannun yana yi min alama da sauri in ƙara, in ƙara, kada in kuskura in tsaya.